Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Rabon Ruwa a Lambun Ƙungiya Lokacin Bazara

Daga ƙarshen watan Fabrairu, sa'ad da sanyin hunturu ya ja da baya, har zuwa saukar ruwan fari, masu noman lambu sukan shiga lokacin da ya fi kowane tsanani a shekara. A garuruwa irin su Yola, Maiduguri da Sakkwato zafi yakan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Ko a tsaunin Jos, wanda tudunsa ya kai wajen mita 1,200 sama da teku, inda iska take da sauƙi, rafuffuka sukan tsinke, kududdufan da haƙar kuza ta bari a Bukuru da Barikin Ladi kuma sukan ja baya, su bar laka mai tsagewa a gefensu. Lokacin da shuka ta fi bukatar ruwa, a lokacin ne ruwan yake ƙaranci.

A wurare da yawa ikkilisiyoyi sun ƙarfafa mutanensu su haɗa kai a kan noman rani. Zumuntar mata takan sami fili a bayan majami'a ko a bakin fadama, matasa su haɗa kuɗi su sayi injin ban ruwa, a raba fangali ga kowane gida. Wannan ba sabon abu ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1950 Peter Batchelor na mishan ɗin SUM ya fara aikin haɗa wa'azin bishara da koyar da noma a ƙasar Filato, shirin Fadama na gwamnatin tarayya da Bankin Duniya kuma, wanda ya fara a farkon shekarun 1990, ya bukaci manoma su kafa ƙungiyoyi kafin su sami rijiyoyi da injuna. A watan Nuwamba da Disamba irin wannan lambu abin sha'awa ne: kabeji, latas, karas, tumatir da albasa suna haske, kowa yana gaishe da ɗan'uwansa da fara'a. Amma idan Maris ya shigo, rijiya ta fara ba da laka bayan awa biyu da kunna inji, sai wata tambaya ta taso wadda ba a tuna da ita ba ranar da aka yi addu'ar buɗe lambun. Idan ruwa bai isa kowa ba, wa ya kamata ya samu, kuma bisa wane dalili?

Tambayar tana da nauyi, gama abin da ke cikin fangali shi ne kuɗin makarantar yara, da maganin asibiti, da miyar gida. An sha ganin 'yan'uwa da suke cin jibin Ubangiji tare sun daina gaisawa saboda tiyon ruwa.

Amsoshi uku

Amsa ta fari ita ce a raba daidai wa daida: kowane fangali ya sami lokaci ɗaya, ko na dattijon ikkilisiya ne ko na sabon tuba. Wannan amsa tana da tushe mai kyau. A Fitowa sura 16, sa'ad da Allah ya ciyar da Isra'ilawa da manna, an auna wa kowane mutum mudu guda, manzo Bulus kuma ya kafa hujja da wannan labari a 2 Korantiyawa 8:13-15 yayin da yake roƙon taimako domin matalautan Urushalima. Rabon daidai yana da sauƙin ganewa, yana kuma rufe bakin masu zargi. Sai dai lambu ba faranti ba ne. Wanda fangalinsa yake kusa da rijiya yakan sami ruwa da ƙarfinsa, wanda yake can ƙarshen magudana kuwa yakan sami abin da ƙasa da rana suka rage. Ƙasa mai yashi tana shanye ruwa fiye da mai laka. Minti ashirin a bakin rijiya da minti ashirin a ƙarshen layi ba ɗaya ba ne, ko da agogo ya ce ɗaya ne.

Amsa ta biyu ita ce a raba bisa ga wahalar kowa. Wanda ya shiga rami ya yashe rijiya, wanda ya biya kuɗin fetur, wanda ya kwana gadi, shi ya kamata ya fara sha. Wannan ma gaskiya ce, Littafi Mai Tsarki kuma bai raina ta ba. A 2 Timoti 2:6 an ba manomi mai wahala hakkin fara cin amfani. Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, ya kuma ci gaba da hawa bayan haka. Ruwan da inji yake ɗagowa yana da kuɗi a kansa, ƙungiyar da ta manta da wannan kuwa ba za ta daɗe ba, domin masu biya za su gaji. Amma idan aka bi wannan amsa ita kaɗai, ƙarshenta sananne ne. Mai kuɗi zai sayi yawancin lokacin ban ruwa, ya sami amfani mai yawa, badi kuma ya fi kowa iya biya. Cikin 'yan shekaru lambun ƙungiya zai zama gonar mutum biyu ko uku, sauran su koma 'yan ƙodago a wurin da aka buɗe da sunansu.

Amsa ta uku ita ce a duba bukata. Gwauruwa mai 'ya'ya biyar wadda ba ta da wata hanyar samu ba ɗaya take da ma'aikacin gwamnati wanda lambu ƙari ne a kan albashinsa ba. Idan fangalinsa ya bushe zai ji zafi, idan nata ya bushe gidanta zai kwana da yunwa. Zuciyar Kirista takan karkata nan da nan ga wannan amsa. Amma ita ma tana da wuyarta. Wa zai auna bukata? Mai yawan kuka ba kullum ne ya fi shan wuya ba, akwai kuma masu kunya waɗanda za su gwammace shukarsu ta mutu da su buɗe baki a gaban taro. In ba a yi hankali ba, rabo bisa ga bukata yakan zama rabo bisa ga wanda shugaba yake jin tausayinsa.

Abin da hannu ya yi da abin da hannu bai yi ba

Hanyar fita tana farawa da rarrabe abu biyu da aka saba haɗawa. Akwai rijiya, akwai kuma ruwa. Rijiya aikin hannu ce: an haƙa ta, an ɗaure bakinta, an sa mata inji, ana iya lissafa kuɗin da ta ci. Ruwan da ke cikinta kuwa ba wanda ya yi shi. Ruwan damina ne da ya nutse cikin ƙasa, ya taru cikin yashin fadama, yana jiran wanda zai kai gare shi. A Maimaitawar Shari'a 11:10-12 Musa ya kwatanta ƙasar Masar, inda ake wahalar ban ruwa kamar a lambu, da ƙasar alkawari wadda take dogara ga ruwan sama, domin ya tuna wa jama'a wurin da rayuwarsu take fitowa. Mai ban ruwa yana cikin haɗarin mantuwa fiye da mai noman damina. Mai noman damina yana ɗaga kai ya dubi gajimare kowace safiya, mai ban ruwa kuwa yana ja igiyar inji ruwa ya fito, har ya fara zaton daga hannunsa yake fitowa.

Idan aka riƙe wannan bambanci, amsoshin nan uku sukan sami wurin zamansu. Wanda ya yi wahala ko ya kashe kuɗi yana da hakkin a biya shi wahalarsa da kuɗinsa, cikakke kuma a kan kari. Ƙungiya ta rubuta bashin, ta biya shi daga amfanin gona idan an kai kasuwa. Amma kuɗinsa bai saya masa ruwan ƙasa ba, saboda haka bai ba shi ikon ya tsaya a bakin rijiya ya hana maƙwabcinsa ba. Hausawa suna da magana a kan wannan hali, sukan ce rijiya ta bayar, guga ya hana. Mai inji guga ne, shugaban ƙungiya ma guga ne. Darajar guga ita ce ya kai ruwa inda ake bukatarsa.

Daidaito kuma sai a auna shi a gindin shuka. Idan na ƙarshen layi yana bukatar lokaci fiye da na kusa kafin ƙasarsa ta jiƙe, ƙarin lokacin nan hakkinsa ne, ba alfarma aka yi masa ba. Wata hanya mai sauƙi ita ce a riƙa juya layin: yau a fara daga bakin rijiya, gobe a fara daga ƙarshe. Annabi Ezekiyel, a sura 34:18-19, ya tsauta wa tumaki masu ƙiba waɗanda sukan sha ruwa mai kyau sa'an nan su gurɓata sauran da ƙafafunsu. Wanda ya cika fangalinsa har ruwa yana malala a hanya, alhali alayyafon 'yar'uwarsa yana yaushi taku talatin daga wurin, ya shiga cikin wannan tsautawa ko da bai karya wata doka da aka rubuta ba.

Jinƙai da ragwanci

A nan wani zai ce, idan aka tabbatar wa kowa ruwa ko ya biya ko bai biya ba, ba an buɗe wa malalata ƙofa ba ke nan? Damuwar tana da dalili. Bulus da kansa ya umarci ikkilisiyar Tasalonika kada ta ciyar da wanda ya ƙi yin aiki (2 Tasalonikawa 3:10). Amma maganarsa a kan wanda ya ƙi ne, wato mai iko da ya zaɓi zaman banza. Tsohuwar da ba ta da kuɗin fetur ba ta ƙi kome ba. Dokar kala a Littafin Firistoci 19:9-10 ta nuna yadda za a haɗa jinƙai da aiki. An umarci mai gona kada ya girbe gefen gonarsa sarai, amma ba a ce ya ɗaure dami ya kai gidan matalauci ba. Rut ta fita tun da safe, ta yi kala har yamma a gonar Bo'aza, ta sussuka abin da ta tara da hannunta. An bar mata hanya, ita kuma ta yi aikin, ta koma gida da mutuncinta.

Haka ƙungiyar lambu za ta iya yi. Wadda ba ta da kuɗi tana iya kula da gadon iri, ko ta tara takin gida, ko ta zauna a bakin rijiya ta riƙe lissafin layi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kowa kuwa yana da ɗan abin da zai kawo. Wanda yake da lafiya da hali amma kullum ba a ganinsa ranar gayya, shi ne ya cancanci gargaɗi, daga baya tara, in ya nace kuma a karɓe fangalin a ba wani. Yin haka ba rashin ƙauna ba ne, gama ragwancin mutum ɗaya a kan raunana yake faɗuwa kafin ya kai ga masu ƙarfi.

Doka kafin fari

Yawancin rigimar ruwa daga rashin shiri take fitowa. Hukuncin da aka yanke a watan Afrilu, sa'ad da kowa yana kallon tumatirinsa yana zubar da fure, da wuya a karɓe shi a kan adalci ne, ko da adalcin ne. Dokar da aka zauna aka yi a watan Oktoba, tun ba a san wanda fari zai fi taɓawa ba, ita kowa yake iya yarda da ita.

Masana sun daɗe suna muhawara a kan wannan. A 1968 wani Ba'amurke mai suna Garrett Hardin ya yi rubutu mai tasiri yana cewa abin da jama'a suka mallaka tare ƙarshensa lalacewa ne, domin kowa zai ɗebi iyakar abin da zai iya kafin wani ya riga shi. Elinor Ostrom, wadda a 2009 ta zama mace ta fari da ta sami lambar Nobel a fannin tattalin arziki, ta bincika makiyaya, masunta da masu ban ruwa a ƙasashe dabam dabam, ta nuna cewa akwai al'ummomin da suka riƙe ruwa da makiyaya tare har ɗaruruwan shekaru. Abin da ta gani a wurinsu shi ne an san iyakar masu hakki, masu amfani da ruwan suna da hannu a yin dokar, masu sa ido daga cikinsu ne ko kuwa suna ba su lissafi, horo yana farawa da sauƙi yana ƙaruwa, akwai kuma wurin kai ƙara kusa wanda ba ya cin kuɗi. Ɗaya daga cikin wuraren da ta yi nazari shi ne Balensiya a ƙasar Sifen, inda kotun ruwa ta manoma take zama ranar Alhamis da tsakar rana a ƙofar babbar majami'ar birnin. Alƙalan manoma ne da 'yan'uwansu suka zaɓa, ana jin ƙara da baki a gaban jama'a, a yanke hukunci nan take.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki ba zai yi mamakin wannan ba. A Farawa 29 makiyayan Haran suna da ka'ida cewa ba a kawar da dutsen bakin rijiya sai garkuna duka sun taru. A Fitowa 2:16-17 kuwa, inda ƙarfi ne yake mulki, makiyaya suka kori 'ya'ya mata bakwai na firist ɗin Madayana bayan sun riga sun cika kwamaye, sai da Musa ya tashi ya taimake su. Ikkilisiyar farko ma, sa'ad da gunaguni ya tashi cewa ana ƙyale gwaurayen masu jin Helenanci a rabon abinci, manzanni ba su ce a yi haƙuri a rufe maganar ba. Sun sa jama'a su zaɓi mutum bakwai amintattu, sunayen mutanen bakwai ɗin kuma duk na Helenanci ne (Ayyukan Manzanni 6:1-6). Ƙungiyar da take son zaman lafiya ta sa wani daga masu fangalin ƙarshen layi cikin waɗanda suke riƙe da mabuɗin inji.

Cikin dokar nan har da yarjejeniyar abin da za a shuka. Tumatir yakan zubar da fure idan zafin rana ya daɗe a wajen digiri 35, kabeji da latas kuma kayan sanyi ne. Kuɓewa, alayyafo, yakuwa, lalo da zogale sun fi jure bazara. Ban ruwa da asuba ko da yamma, da rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, da zuba takin gida domin ƙasa ta riƙe laima, duk suna rage asara. Wanda ya nace wa shuka mai shan ruwa a watan Afrilu, ya kuma bar ƙasarsa tsirara a rana, daga rabon maƙwabcinsa yake ɗiba. Idan kuwa an ga ruwan ba zai kai ba, gara kowane gida ya bar wani sashe na fangalinsa tun da wuri, a ceci sauran, da a bar fari ya zaɓi wanda zai hallaka, gama fari kullum da na ƙarshen layi yake farawa.

Waɗanda suke bayan shinge

Akwai sauran tambaya ɗaya, ita ce ta fi wuya. Ruwan da ƙungiya take ja ba a cikin shingenta ya tsaya ba. Rafin nan ko kududdufin nan shi ne matan unguwa suke ɗiba domin sha da wanki, shi ne makiyayi yake kawo shanunsa, maƙwabci Musulmi ma a kansa ya kafa nasa lambun. A jihohin Filato, Binuwai da kudancin Kaduna an zubar da jini mai yawa cikin rikice-rikicen da ƙasa, hanyar shanu da mashaya suke cikin sanadinsu, akwai kuma iyalai cikin ikkilisiyoyi da har yau suke makoki. Ba daidai ba ne a yi musu magana a kan wannan kamar abu ne mai sauƙi.

Littafin Farawa ya ba da misalai biyu, ana kuwa bukatar dukansu. A sura 21 Ibrahim ya kai kuka gaban Abimelek a kan rijiyar da barorinsa suka ƙwace, ya ba shi 'yan tumaki bakwai domin shaida cewa shi ya haƙa ta, suka ƙulla alkawari a Biyer-sheba. A sura 26 Ishaku ya bar rijiya biyu, Esek da Sitna, saboda jayayyar makiyayan Gerar, ya matsa gaba ya haƙa ta uku wadda ya kira Rehobot, daga baya kuma Abimelek ya zo da kansa neman alkawarin salama. Uban ya tsaya a kan hakkinsa da baki da shaidu, ɗan ya ja da baya sa'ad da ya ga rijiya ba ta kai ran mutum ba. Ba ɗayansu da ya zare takobi a kan ruwa.

Darasin ga ƙungiyar lambu shi ne ta nemi magana tun kafin ɓarna. Kafin a kafa shinge, a zauna da mai unguwa, da arɗo, da shugabannin maƙwabta, a nuna inda shanu za su bi su sha, a amince da abin da za a biya idan dabba ta shiga fangali, a kuma yarda cewa ruwan shan mutane yana gaba da ruwan shuka. Wannan ba zai kawar da mugunta daga duniya ba, akwai kuma laifuffukan da hukuma ce kaɗai take da hakkin hukunta su. Amma shingen da ya toshe mashaya ɗaya tak da ta rage a watan Afrilu tsokana ce, ko da an yi addu'a a kansa. Maƙwabta suna karanta bangaskiyar ikkilisiya a bakin rijiyarta fiye da yadda suke jin ta daga lasifika.

An sa mutum na fari a gonar Aidan domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta (Farawa 2:15), mai kiyayewa kuwa zai ba da lissafi ga Mai gonar. Bazara za ta wuce, ruwan sama zai sauko, rijiya ta sake cika, amma mutanen da suka yi rabo a lokacin ƙunci za su ci gaba da zama a benci ɗaya ranar Lahadi, 'ya'yansu kuma sun ga yadda aka yi. Ya kamata kowace ƙungiya da take shirin noman rani na bana ta zauna tun rijiya tana cike, ta rubuta yadda za a raba ruwa ranar da ya yi ƙaranci, ta karanta shi a gaban kowa, ta kuma sa sunan mafi rauni a cikinta a wurin da ba za a manta da shi ba. Ubangiji wanda yake aiko da ruwa a kan masu adalci da marasa adalci ya ba jama'arsa hikimar yin haka. Amin.